Kwalbar mai da ta hana Mama buɗe shago

Wannan maganar a majami'armu ta faru nan cikin Kano, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin na rubuta, ta ce in rubuta amma kar in sa sunanta ko na 'ya'yanta ko na majami'ar. To zan riƙa ce mata Mama kawai, dama haka duk muke kiranta. Ina cikin mutum huɗu da dattawa suka wakilta su bi maganar, ni da matar Rabaran da wani dattijo da wata nas 'yar ƙungiyar mawaƙa, shi ya sa na san ciki da wajenta.

Duk ranar da aka hau bagadi aka ce yau wa'azi kan bautar gumaka ne, za ka ga mutane sun gyara zama hankali kwance, don kowa ya ɗauka ba da shi ake ba. Hankali sai ya tafi Dutsen Dala, zamanin Barbushe da Tsumburbura da yankan baƙaƙen dabbobi, ko ya tafi ƙauye wurin kakanni da tsafinsu da layu da guru. Mama kam ko ƙofar boka ba ta taɓa takawa ba. Ta fi shekara ashirin a Zumuntar Mata, ita ke buga tulu in suna waƙa, ita ce uwar adashensu don an san ko sisi ba ya ɓata a hannunta, in ana rasuwa ita ce ta farko da za ta iso gidan da tukunya. Irin matan nan ne da in ba sa nan za ka ji majami'a ta yi fayau.

Tushen abin gobara ce. Ranar Asabar 26 ga Maris 2016, wato tsakanin Juma'a Mai Kyau da Lahadin Ista, wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, wadda ake ce wa kasuwar Abubakar Rimi, kuma nata na ciki, ga shi ta cika shi da kaya saboda cinikin Ista, shinkafa da man gyaɗa da madara da tumatirin gwangwani, rabi ma bashi ne. Majami'a ta yi mata baiko na musamman sau ɗaya, aka miƙa mata a ambulan aka yi addu'a, daga nan kowa ya kama gabansa. Maigidanta dama tun da masaƙar da yake aiki a Sharaɗa ta rufe gadi yake yi. Wadda ta tsaya mata sosai wata Hajiya ce mai sayar da kayan yara, ita ta nemo mata rabin shago kusa da nata a cikin unguwa, ta kuma kai ta wurin ƙanenta dila a kasuwar Singa ta ce ba ta kaya, in ba ta biya ba ni zan biya. Da haka Mama ta farfaɗo a hankali, amma ta gaya mana da bakinta tun daga ranar gobarar nan ko ƙaurin takarda ta ji gabanta faɗuwa yake yi, wani lokaci cikin dare sai ta tashi ta zauna tana lissafin abin da zai faru in an sake. Ba wanda ya sani, mu dai muna ganinta tana buga tulu tana dariya.

Sai 2023 ta zo da canjin kuɗi, a watan Fabrairu mutane na kwana a layin banki, mai saye ba shi da tsaba ita kuma ba ta iya tiransifa ba, kafin a gama da wannan a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuɗin A Daidaita Sahu daga Singa zuwa shago ya ninka, kayan da ta sayar yau gobe kuɗin ba zai sayo mata irinsu ba. A lokacin ne babbar 'yarta ta saya mata babbar waya don ta riƙa ganin alat. Wata 'yar kasuwa ta tura mata bidiyon wani mutum da ke kiran kansa annabi, can Kudu yake, yana yin addu'a kai tsaye a Facebook da tsakar dare da Turancin Buroka, yana ihu yana cewa akwai wata mata tana kallona yanzu, wuta ta taɓa cinye dukiyarki, maƙiyin da ya aiko ta bai mutu ba. Mama ta ce tana jin haka jikinta ya ɗau rawa.

Yadda harkar ke tafiya, da muka zauna muka duba wayarta da izininta, ba wani abin mamaki a ciki. Kana rubuta Amin a ƙasan bidiyo sai wani yaronsa ya biyo ka ya nemi lamba, a sa ka a guruf na WhatsApp, a ce ka turo buƙatarka ta addu'a a rubuce ko ka yi murya. To ka ga da kanka ka ba su labarinka kaf, bayan sati biyu annabi ya kira ka ya faɗa maka abin da ka riga ka faɗa wa yaronsa, kai kuma ka ce wahayi ne. Daga nan sai shuka iri, wato tura wa annabi kuɗi, ƙarami da farko, dubu biyu dubu uku. Sai mai. Man zaitun ne irin wanda ake sayarwa a kowane kemis, an juye a 'yar kwalba an manna hoton mutumin, ana aikowa ta hannun direbobin lagzuri a je tashar New Road a karɓa. Ka'idarsa kowace safiya kafin a buɗe shago a ɗiga a bakin ƙofa, a shafa a kwaɗo, a shafa a akwatin kuɗi da goshi, kuma wai ƙarfinsa kwana ashirin da ɗaya ne, in ya wuce sai an sake. In ciniki ya yi kyau mai ne ya yi aiki, a turo irin godiya. In bai yi ba bangaskiyarki ce ta yi rauni ko maƙiyi ya ƙara ƙarfi, a turo iri mai nauyi. Ta kowace ƙofa aka bi dai kuɗi can suke tafiya.

Ba zan zage ta ba gaskiya, wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma abin da ya biyo baya ya yi muni. Annabi ya ce maƙiyin mace ce, tana kusa da shagonki, tana miki dariya, ta taɓa yi miki alheri don ta ɗaure ki. Wa ya rage in ba Hajiya ba? Mama ta daina gaishe ta, in Hajiya ta miƙo mata kunu da safe sai ta karɓa ta zubar a kwata ta bayan shago, ta daina karɓar kaya wurin ƙanenta ta koma wani wurin da ya fi tsada. Maganin hawan jini da take sha ta ajiye, wai wanda yake ƙarƙashin shafewa ba ya haɗa ta da ƙwaya. Sujadar Lahadi tana zuwa amma gyangyaɗi take yi don ta kwana kan waya. Zakkarta ta koma can. Daga ƙarshe hannu ya kai kan kuɗin adashen mata, da niyyar wai za ta mayar in ƙofa ta buɗe.

Duk wannan a ɓoye yake sai ana saura sati guda Kirsimeti na 2024. Autarta, yarinya 'yar aji ɗaya a sakandare, ta dawo makaranta da yunwa ta tarar da garau-garau a kula ba mai, ta duba ko'ina sai ta ga 'yar kwalba a bayan Littafi Mai Tsarki kan kanta, ta buɗe ta shinshina ta ji mai ne, ta juye a kan wake da shinkafarta ta barbaɗa yaji ta cinye abinta. Da Mama ta dawo ta ga kwalba wayam, maƙwabta suka ce ihun da ta yi sun ɗauka mutuwa aka yi. Ta kama yarinyar da wayar caja tana dukanta tana cewa kin kashe mu, kin buɗe mana ƙofa, kin kashe mu, sai da matan gidan suka ɓamɓare ta da ƙyar, yarinya duk shaida a hannu da baya. Washegari ta ƙi buɗe shago. Jibi ma haka, gata ma haka, a satin da kowane mai kayan masarufi ke jira tun farkon shekara, tana zaune a ɗaki tana jiran motar da za ta kawo sabon mai. Maigidan ne ya gaji ya zo wurin Rabaran da daddare.

Zaman dattawa na farko ya yi zafi. Akwai wani Baba a cikinsu, tsoho ne Bahaushe daga wajen Sumaila, iyayensa Maguzawa ne, yana yaro ya ga ranar da mahaifinsa ya kwance layu da kambu ya zuba a wuta a gaban mai bishara, dangi suka yi shekaru ba sa cin abinci da su saboda haka. Shi a wurinsa maganar ba ta da tsawo, ya ce wannan laya ce aka sa mata a kwalba, abin da ubana ya ƙone shi ne aka dawo da shi ta waya, a sa ta horo, a hana ta Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na tunawa da mutuwar Yesu, a karɓe tulun. Wani dattijon kuma, ma'aikacin banki, ya ce a bi a hankali, ai Yakubu 5:14 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma a Ayyukan Manzanni 19 har hankici da ya taɓa jikin Bulus ana kai wa marasa lafiya suna warkewa, to a ina za mu ce mai ya zama gunki?

Tambayarsa tana da kyau, kuma a ganina duk nazarin a nan yake. Rabaran bai ba da amsa kai tsaye ba, ya ce a buɗe Littafin Ƙidaya 21, inda macizai suka sassari Isra'ilawa a jeji, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla ya sa a kan sanda, duk wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Ba boka ya ƙera ba, Musa ne, da umarnin Allah, kuma ya yi aiki, har Yesu ya kawo misalinsa a Yahaya 3:14. Sai ya ce a juya 2 Sarakuna 18:4. Bayan ɗaruruwan shekaru, wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, sarki Hezekiya ya farfashe macijin nan da ake kira Nehushtan, saboda mutane sun koma ƙona masa turare, kuma Littafi ya yabi Hezekiya a kan haka. Tagullar ba ta canja ba, masu dubanta ne suka daina ganin wanda ya ba da ita. Ya ƙara da 1 Sama'ila 4, lokacin da Isra'ilawa suka sha kashi hannun Filistiyawa, maimakon su tambayi kansu me ke tsakaninsu da Allah sai suka ce a ɗauko Akwatin Alkawari ya cece mu, aka ɗauko da sowa, aka karkashe su mutum 30,000, aka ƙwace akwatin ma.

To in aka auna na Mama da wannan, laifin ba a cikin man yake ba, yarinya ta ci shi da wake ba abin da ya same ta. A Yakubu dattawan da suka san ka ake kira, su zo gidanka, kuma aya ta gaba ta ce addu'ar bangaskiya ce ke warkarwa, Ubangiji ne ke tashe shi, ba a ce mai na da wa'adin kwana ashirin da ɗaya ba, ba a kuma ce a tura kuɗi ba. Wanda ya taɓa miƙa kuɗi don ya sayi ikon Allah a Ayyukan Manzanni 8, Bitrus ce masa ya yi kuɗinka su hallaka tare da kai. Amma ni abin da ya fi tabbatar mini kwalbar nan ta hau kujerar da ba tata ba shi ne abin da Mama ta yi ranar da ta rasa ta. Allah na nan ranar, bai je ko'ina ba, Littafinta na kan kanta, bakinta na addu'a na nan, amma ta kasa sa makulli a kwaɗo. Sannan a duba me ta yanka wa abin: lafiyarta, amanar mata, maƙwabciyar da ta ɗauke ta daga toka, da fatar bayan 'yarta. Ezekiyel 14 na magana kan dattawan da suka zo neman Allah alhali sun kafa gumakansu a cikin zuciya, mutanen kirki a ido, masu zuwa wurin annabi su zauna a gabansa. Ba a buƙatar sassaƙa.

Inda na rabu da Baba tsoho shi ne maganar horo. Ya yi gaskiya a kan sunan abin, amma da an yi yadda ya ce, ranar nan za a miƙa wa mutumin can Mama gaba ɗaya, don dama ya riga ya gaya musu a guruf cewa majami'unku za su tsane ku saboda ba su da wutar Ruhu. Matar Rabaran ce ta yi tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit, ta ce Baba ku gafarce ni, tun ranar da muka ba ta ambulan a 2016, wa a cikinmu ya sake zuwa ya zauna a shagonta ya tambaye ta yaya barci? Shi mutumin can ƙarya yake yi amma yaransa sau biyu a sati suke kiranta su ce Mama ya jiki, ya kasuwa. Ba wanda ya amsa. Maigidan ma da ya fi kowa ɗaga murya, da aka tona sai ga shi shi ma kuɗin sallamarsa ya taɓa zubawa a irin tsarin nan na kawo kuɗi ka samu riba mai yawa cikin wata ɗaya, suka tafi, bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar. Kolosiyawa 3:5 kuwa ta kira haɗama bautar gumaka ƙarara. Na samari da caca ta ƙwallo a waya ba na so in shiga yanzu, wannan wani zaman ne.

Aka tsaya a kan mu huɗu mu je, ba takarda ba sanarwa a bagadi. Mun same ta kwance kanta ɗaure da ɗankwali, nas ta fara auna ta, jini ya hau sosai har ta ce ba za a yi wata magana ba sai an kai ta asibiti, aka kai ta aka dawo da ita kan magani. Sai a zuwa na biyu aka yi maganar. Ta fara da kare kanta, ta ce ai da sunan Yesu yake yi, ba ya kiran wani suna. Matar Rabaran ta ce Yaya, in tambaye ki, ranar da kika buɗe rabin shagon nan bayan gobara ba ki da komai, me kika shafa? Ta ce ba komai, durƙusawa na yi na yi addu'a. Ta ce to shekara bakwai wa ya riƙe ki kafin kwalba ta zo? Mama ta yi shiru ta daɗe, sai kuka. Ba ta ce ta yarda ba ranar, abin da ta ce kawai shi ne ina jin tsoro, in na bari wani abu ya faru fa? Dattijon da muke tare ya ce Mama zai iya faruwa, ba za mu yi miki alkawarin da Allah bai yi ba, amma gobe da safe za mu zo mu buɗe tare.

Haka aka yi. Da sanyin safiya cikin hazo muka tsaya bakin shago, hannunta na rawa har makulli ya faɗi ƙasa, autar ce ta ɗauka ta miƙa mata. Aka karanta Zabura 121 aka buɗe. Ciniki ranar ba yabo ba fallasa, ba wata mu'ujiza da zan ba ku labari, kuma na ji daɗi da ba a yi ba, don da an yi cinikin mamaki da ƙila mu ne za mu zama sabuwar kwalbar. Matan Zumunta suka raba kwanaki, sati biyu kullum mutum ɗaya na zuwa buɗe shago da ita, daga baya aka rage, aka bari. Sabon man da ya iso tasha ba wanda ya je karɓa. Baba tsoho ya so a tara sitika da hankici da kwalabe a ƙone a harabar majami'a irin yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu, Rabaran ya ce a bar ta ta yi da hannunta lokacin da ta shirya, bayan wata guda ta kawo su cikin leda baƙa ta ce a yi yadda aka ga dama.

Fita daga guruf ya fi wuya. Tana fita kira ya fara shigowa, da lallashi da farko, daga baya da barazana, wai wanda ya fita daga ƙarƙashin inuwa kar ya yi kuka da abin da zai gani kafin shekara ta ƙare. Ta sake komawa sau ɗaya a ɓoye ta tura kuɗi, ita da kanta ta zo ta faɗa wa matar Rabaran, daga nan 'yarta ta canja mata layi. Zuwa wurin Hajiya kuwa sai da aka yi ta fama, kunya ta hana ta, ranar da ta je ta durƙusa ta ce Hajiya ki yafe ni na zalunce ki, Hajiya ta ce ai na ga kina zubar da kunun, na ce ko na yi miki wani laifi ne ban sani ba, tashi don Allah. Suna gaisawa yanzu, amma ba a koma yadda ake da ba, kuma ƙanen Hajiyan ya ce kaya sai da kuɗi hannu.

Kuɗin adashe ta tsaya gaban mata ta faɗi gaskiya, aka karɓi riƙon aka ba wata, tana biya kaɗan-kaɗan duk wata, saura mutum biyu ba ta gama da su ba, ɗaya har yanzu ba ta yi mata magana. Horo ba a sa ta ba, ita ce ta janye kanta daga Jibin Ubangiji na wata uku, tulu kuma ta koma bugawa. A ranar da ta yi bayanin nan ne wasu mata uku suka bi matar Rabaran a gefe suka ce su ma suna cikin guruf ɗin, ɗaya har ta sayar da keken ɗinkinta, ana kan tasu maganar yanzu. A zaman dattawa na baya-bayan nan kuma ma'aikacin bankin ya kawo batun sitikar majami'armu ta shekara-shekara da muke sayarwa, wadda mutane ke mannawa a ƙofa da mota, ya ce ya ji wani ɗan majami'a yana cewa ba ya hawa hanyar Zariya in babu ita a gilashi. Wasu sun ce a daina bugawa, ma'aji ya ce da kuɗinta ake sayen man janareta, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba.